Makonnin da Aka Sa Shagona a Waya

Ni ban iya rubutu ba. Aji biyu na yi aka cire ni, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan, wadda duk layinmu ke ce wa Ungozoma. Ta bar aikin asibiti, ba ta da abin yi sai rediyo da sa ido. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ta yi masa kwalliya. In kun ci karo da kalma mai daɗi, tata ce.

Litinin, da la'asar

Shagon labule gare ni a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Marigayi mijina ne ya buɗe shi, ni na tsayar da shi. Shi yana zuwa gidajen mutane yana awon taga, ni ina yanka. Tun yana raye ba mai taɓa almakashin nan sai ni. Teloli uku ke ɗinki a ɗakin baya. Babbarsu Bahaguwa, ta zo mana da goyon ɗanta na fari, yanzu ɗan har gemu ya ajiye.

Yau Babba da Auta suka shigo min tare, muryarsu duk ladabi. In 'ya'yan nan biyu suka haɗa baki, to akwai abin da suka dafa. Wai shago yana buƙatar shafi a intanet. Na ce shagon ne ya faɗa muku?

Babba ya ce, "Umma, yanzu a waya mutane ke zaɓen kaya."

Na ce to su rataya wayar a taga.

Auta ce ta yi min bayani, ita da ke zama a gaban shago kullum. Ta ce kafin a yi shafin sai an zaɓi manhajar da za a riƙa sarrafa shi da ita. "Umma, shafin shi ne gaban shago da kowa ke gani. Manhajar kuma kamar ƙofar baya ce, ta nan za mu riƙa shiga muna jera hotuna, muna cire wanda ya ƙare." Na ce ashe duk taron nan a kan ƙofar baya ake yinsa.

Kowa da tasa. Babba yana da aboki da zai gina mana tamu ta kanmu. Auta tana son ta haya, wadda aka riga aka gina, kowa ya gyara abu daga wayarsa. Shago sunana ne a kansa, don haka wai ni zan zaɓa.

Da Babba zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. "In abin ya kankama, oda ta waya za ta riƙa shigowa. Sai ki huta haka nan, Umma. Ɗakin nan na gidana yana jiranki."

Ɗakin da matarsa ke tara karyayyun kujeru. To na ji. Almakashin ake so, shafin hanya ce kawai.

Laraba, da azahar

Abokin Babba ya zo. Turarensa ya riga shi shigowa da kusan tsawon gaisuwa guda. Daga yau Mai Turare ne sunansa, rubuta haka.

Ya ɗora kwamfutarsa a kan teburin yankana ko izini babu. "Mama, zan gina miki abin da babu mai irinsa. Mutum zai sa faɗin tagarsa da tsawonta, nan take a gaya masa yadi nawa zai ci."

Na ce mutumin da ke auna taga da igiyar takalminsa? Marigayi ya sha zuwa ya tarar an auna har da bango.

Ya yi dariyar da ake yi wa tsofaffi. Na ce to in yadi ya ƙare, wa zai cire hotonsa?

"A kira ni."

"In kana barci?"

"A bar min saƙo."

"In ka mutu?"

Babba ya ce, "Umma."

Na ce tambaya ce. Ubanku ma bai yi niyya ba.

Gaskiya Mai Turare bai daburce ba. Ya ce ta hayar ma da nata ciwon. Ranar da aka daina biya ranar za a rufe, kuma shafinka sai ya yi kama da na mai sayar da takalmi da na mai sayar da kifi, don duk gida ɗaya kuka kama haya. Auta ta ce gara kama da mai kifi da jiran mutum ɗaya ya tashi daga barci. Suka shiga yi da juna da kalmomin da ko tari na yi sai ya fi su ma'ana.

Ya juyo min da allon. "Kalli nan, Mama." Na kalla. Haske ne da wasu abubuwa suna wucewa. Na ce ya yi yawa. Ya ce me ya yi yawa? Na ce duka.

Ƙwan fitilar shagon nan ya rage ƙarfi. Na faɗa tun watan jiya, ba wanda ya sauya.

Alhamis, da safe

Har yanzu teburina warin turare yake.

Juma'a, da yamma

Yau Auta ta nuna min tata. Ta jawo kujera ta matso jikina kamar mai son a yi mata kitso.

Wai ita tata mabuɗi uku gare ta. Babban mabuɗi, wanda mai shi ke iya komai har ya kori sauran. Na tsakiya, na sa hoto da gyara rubutu. Ƙarami, na amsa tambayoyin masu saye. Ba mabuɗin ƙarfe ba ne, wasu kalmomi ne ake dannawa, in ka manta an kulle ka a waje da kayanka a ciki. Na ce wannan ai shi ne hankalin zamani.

Na ce wa zai riƙe babban?

Ta ce, "Ke mana, Umma."

Ni da ko lambar ƙanwata sai an danna min. Ƙarya ba ta yi wa Auta kyau, muryarta sirancewa take.

Ta miƙo min wayar. "Gwada ki ga sauƙinsa. Danna koren nan." Na ce hannuna da alli. Ta ce ba komai. Na ce ni da komai.

Sai ga wata mata ta shigo da rigar matashin kujera, tana son labulen da zai shiga da ita. Bahaguwa ta leƙo daga ɗakin baya ta ce, "Kai, wannan shuɗin ya yi kyau, mai duhu ne kuwa." Matar nan surutu gare ta. Komai aka shigo da shi sai ta faɗi launinsa da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya. Na miƙa hannu kantar yadi ta biyu na sauko da abin da ya dace, matar ta tafi tana godiya.

Ga shi nan. Ni ba na buƙatar hoto. Kanta ta farko daga ƙofa, masu shara-shara. Ta biyu, masu fure da masu zane. Ta uku, masu kauri da rana ba ta ratsawa, na jikin bango ruwan madara, na kusa da shi ruwan toka, haka har ƙarshe. Yadda marigayi ya jera su haka suke. In bandir ya ƙare, irinsa ake sawa a gurbinsa.

Ungozoma ta ce in bari ta duba min ido. Na ce ita ƙasa ta koya, ta bar sama. Rubuta, ai ke kika jawo.

Lahadi, da la'asar

Ranar hoto. Ko tasa ko tata aka zaɓa, wai dole a ɗauki kowane bandir hoto, shi ya sa suka shirya na yini ɗaya. Babba ya zo da mota ya kwashe ni zuwa gidansa don kar ƙura ta dame ni. Shekara nawa ina shaƙar ƙurar yadi, yau ce za ta kashe ni.

Matarsa ta ba ni shayi mai ruwa-ruwa ta kai ni ta nuna min ɗakin. An fitar da kujerun an share. Ta ce, "Ga taga nan, Umma, tana kallon lambu." Na shafa labulen. Ba namu ba ne. Na kasuwa ne, an kalmashe bakinsa a karkace. A gidan ɗana.

Kafin in fita na ce musu duk abin da aka sauko da shi a mayar inda yake. Suka ce to.

Talata, da azahar

Auta tun safe take rawar kai. Ta buɗe shafin gwaji a manhajar hayarta, ta tura wa wani mai masaukin baƙi, ya duba ya zaɓa. Tagogi ashirin da wani abu, benen sama gaba ɗaya. Mai kaurin nan ruwan madara yake so, kafin ƙarshen mako. "Kin gani, Umma? Ko ƙafa bai tako ba." Na ce da ya tako da ya gaishe ni.

Ta karanto min awon ta fita, wai Babba ya kira ta ofishin Mai Turare za su nuna mata wani abu. Su dai.

Na je kanta ta uku na jawo na jikin bango. Na ji kaurinsa, na ji bayansa mai santsi. Shi ne. Na shimfiɗa.

In ina yanka ba a magana. Dokar marigayi ce, ni kuma na ƙara mata gishiri. Tela ta taɓa yi min atishawa ina tsakiyar layi, sai da ta yi mako tana share ƙasa. Kowa ya sani.

Na sa almakashi ke nan Bahaguwa ta ce, "Inna."

Na ɗaga almakashin sama. Ta yi shiru. Na ci gaba.

"Inna, wannan ɗin..."

Na ce in bakinki ƙaiƙayi yake, ɗakin baya da fili, je ki soshe shi. Na ji ta tsaya a kaina ta daɗe, sannan takunta ya yi baya.

Na yanke bandir ɗin kaf, ko ɗan yatsa bai yi saura ba. Layi a miƙe kamar an ja da zare. A zo a nuna min wayar da za ta yi wannan.

Alhamis, da yamma

Kekuna uku suna ta ruri a baya. Auta ko leƙa su ba ta yi ba, kanta na cikin waya tana rubuta wa yaduka suna. Wai kowanne sai an ba shi lamba da rukuni. Yadin da ya shekara ashirin yana amsa "na jikin bango".

Babba ya zo suka yi. Ya ce tata ta yara ce. Ta ce tasa ta abokai ce, so yake ya yi wa abokinsa hanya da shagon uwarsa. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Tun tana ƙarama ba a ce mata ta maimaita.

Bahaguwa ba ta ce min uffan ba yau. Ta ninke labulayen ta zuba a buhu ta ɗaure da kanta.

Asabar, da hantsi

An dawo da su.

Mai masaukin da kansa ya zo, direbansa na biye da shi yana jibge buhuna a bakin ƙofa. Babba na nan, Asabar ce ranar da yake zuwa ya yi mana manaja. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ruwan madara na ce. Wannan ruwan hoda ne. Matafiya nake saukewa, direbobi da 'yan kasuwa. Me zan ce musu?"

Na ji Auta ta kwance buhu. Na ji ta ja numfashi.

Babba ya ce, "Ya aka yi haka?" Bai ce wa ya yanka ba. Duk titin nan an san mai yanka.

Bahaguwa ta fito. Ta ce, "Ni ce. Ni na ce wa Inna an bugo an sauya launi. Na haɗa da odar wata mata ne."

Babba ya juya kanta. Abin da ya faɗa mata ba zan sa a rubuta ba. Ɗan da ta sha goge wa hanci da ƙyallen shagon nan. Ya ce irin wannan ne ya sa yake son komai ya koma waya, don a daina aiki da "an ce". Ya ce ta tattara ta tafi gida, in an neme ta za ta ji.

Ta ɗauki jakarta. Ta zo gabana ta ce, "Inna, na tafi." Na ce to.

Abin da na ce ke nan. To.

Ungozoma ta ajiye biro tana kallona. Ɗauki ki rubuta, ba a kawo ki shari'a ba.

Lahadi

Ba abin rubutawa. Je ki gida.

Litinin, da la'asar

Wani ya zo da guntun kafet yana son labulen da zai dace. Ya ɗora min a hannu ya tsaya. Telolin biyu suna baya suna ɗinkinsu. Ba wanda ya leƙo. Ba wanda ya ce komai ya yi kyau.

Na juya shi na sake juya shi. Na ce ba mu da irinsa. Ya ce ko in duba kanta? Na ce na ce ba mu da shi.

Shagon ya yi shiru da yawa. Fitilar kuma sai ƙara mutuwa take.

Laraba, da safe

Na riga Auta zuwa. Na rufe ƙofa na bi kantocin da hannu ɗaya bayan ɗaya.

A kanta ta farko na ci karo da mai kauri. A ta uku, kusa da gurbin da na yanke, mai shara-shara ne, sai mai fure, sai wani da ban ma san mun saya ba. Kamar an shiga ɗakinka an mayar da gado inda ƙofa take.

Da ta zo na ce wa ya taɓa min kantoci?

"Ai tun ranar hoto, Umma. Mun jera su launi-launi, yadda suke a shafin, don in an yi oda a samu da sauri. Farare a nan, masu ja-ja a can. Yaya ne ya ce, ni ma na ga ya yi." Tana magana tana ajiye jaka. "Na ɗauka kin gani kin yi shiru ne don ya burge ki."

Na ci gaba da shafa yadukan.

Ta daina motsi. "Umma. Ba ki gani ba?"

Na ce kawo min ruwa.

Ta kawo. Ba ta ajiye a tebur yadda ta saba ba, ta kamo hannuna ta sa min kofin a ciki. Na so in watsa mata.

Alhamis, da azahar

Ungozoma ta je gidan Bahaguwa ba da yawuna ba. Wai ta tarar da ita tana gyaran kayan makarantar jikoki a tsohon kekenta. Wai ta tambaya ko ina cin abinci. Wai ta ce a gaya min tef ɗin awon da ta yi wa ƙulli-ƙulli da zare a kowane rabin yadi yana aljihun tebur na hagu, kar in ɗauki sabon.

Na ɗauka tsufa ne ya sa tef ɗin ya yi ƙulli.

Wa ya aike ki? Rubuta cewa ban aike ki ba.

Juma'a, da la'asar

Yau aka yi zaman zaɓe. An rufe shago da wuri. Mai Turare ya ɗora kwamfutarsa a dama, Auta ta ɗora wata da ta aro a hagu, duk a kan teburina. Telolin biyu sun ƙi tafiya, suna baya suna yi kamar suna neman allura.

Babba ya yi jawabi. Ya iya jawabi, a ofis abin da ake biyansa ke nan. Ya ce abin da ya faru darasi ne, da tsari ɗaya ne a hannun ƙwararre da ba a yi asarar bandir guda ba. Auta kuwa tun Laraba ba ta da baki.

Ya ce, "To Umma, ga su nan. Duba ki zaɓa."

Na ce ku karanta min.

"Ba rubutu ba ne, hotuna ne. Ki duba kawai wanda ya fi miki."

Na ce to ku faɗa min hotunan.

Ba wanda ya yi motsi. Mai gyaran agogo yana ta ƙwanƙwasa wani abu ta bayan bango, shi kaɗai ake ji.

Na ce ga haske a dama, ga haske a hagu. Na dama ya fi motsi. Iyakar abin da zan iya gaya muku ke nan. Kuma Bahaguwa ba ta ce min an sauya launi ba. Sau biyu ta buɗe baki na rufe mata shi. Ni na sauko da bandir ɗin daga inda ubanku ya ajiye shi.

Babba ya zauna. Na ji kujerar ta yi ƙara. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce ba wannan ya tara mu ba.

"Umma, tun yaushe?"

Na ce tun kafin ka sayi motar nan da kake ta ce min in ga launinta. Ya isa haka. Kar wanda ya yi min kuka a kan tebur, yadi ba ya son danshi.

Na ce ta Auta na zaɓa. Kayan da ba zan gani ba, gara wadda ke yini a cikinsu ta riƙa sawa tana cirewa da hannunta, ba sai an jira wani ya ɗauki waya ba.

Mai Turare ya yi gyaran murya. "Mama, ba don ni na yi ba, amma tawa ta fi kyau."

Na ce na yarda. Ba na musun abin da ban gani ba.

Ya yi dariya, ta gaske wannan karon, ya kama bakinsa. Sannan ya ce shi zai taya Auta saita tatan, ya nuna mata yadda za ta riƙa ajiye kwafin komai a wajenta, don in wata rana masu hayar sun yi tsiya a kwashe kaya a bar musu gidansu. Na ce ashe akwai mutum a cikin turaren.

Na raba mabuɗan. Babban na Auta. Na tsakiya na Babba, ya sa hoto ya gyara rubutu, ya samu inda zai zuba jawabi. Ƙaramin nawa. Duk wanda ya turo tambaya, Auta ta karanto, ni in ba da amsa, ta rubuta yadda na faɗa. Auta ta ce, "Yadda kika faɗa, Umma?" Na ce to ki cire zagin.

Babba ya fara cewa, "Ɗakin nan..." Na ce a mayar da kujerun, sun fi ni buƙatarsa.

Almakashin na bar shi a kan tebur. Ban sa a jaka ba. Ba wanda ya ce komai, na gode musu da wannan.

Asabar, da hantsi

Wannan ne na ƙarshe, Ungozoma ta ce yatsunta sun ƙage. Rubuta waɗannan da manyan baƙaƙe ki ba Auta ta karanta wa kowa.

Bahaguwa tana bin Babba ban haƙuri. Ba a waya ba. Ya je gidanta, ya bar motar a bakin layi ya taka, ya faɗa a gaban duk wanda ke tsakar gidan. Abin da take bi na ni kuma, ni zan kai mata, ba ruwan kowa da yadda zan faɗe shi.

Daga Litinin ita ce mai yanka. A sayo mata almakashin da ya dace da hannunta. Dokar shiru ta mutu, duk wanda ya ga ana ɓarna ya buɗe baki ko wa ke riƙe da tebur.

Mai masauki yana bin shago labulensa, ruwan madara. Auta ta sauko da bandir ɗin, ta faɗi launinsa da ƙarfi mutum biyu su ji.

Masu ruwan hodan a ɗauke su hoto a sa a shafin. Ba za a rasa mai so ba.

Kantoci a bar su yadda kuka jera. Auta tana da aikin zagayawa da ni kanta-kanta, tana faɗa ina taɓawa, har in haddace. Na haddace na ubanta, ba nata ne zai gagare ni ba.

Mai Turare yana da alkawarin koyarwa a wuyansa. In ya zo, a buɗe taga.

Ungozoma ba ta bin kowa komai. Ta sha shayina ta ji sirrina, ya ishe ta.

Asibitin ido kuma ranar Laraba ne, ita Ungozoma ta samo layin. Babba zai kai ni. A gaya masa in za mu tsallaka titi ya riƙe ni ta gwiwar hannu, kar ya kama min tafin hannu a gaban mutane. Kuma ya yi tafiyarsa yadda ya saba, ƙafata lafiyarta ƙalau.